Mun Yi Saɓani da Yaya

Ramatu autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Ubangijin da ya kai ki Sakkwato lafiya ya tsare ki a ɗakin kwananki da ajinki da duk inda ƙafarki za ta taka. Allah ya haɗa ki da abokan zama nagari, ya sa karatun jinyar nan ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya.

Kada ki nemi labarin gida a takardar nan. Akuya ta haihu ko ba ta haihu ba, wannan sai a waya. Na rufe keken ɗinki na ɗauki biro ne domin har yanzu maganar da kika faɗa mini ranar tafiyarki ba ta bar raina ba, kuma in na ce zan yi bayani da baki kuka zai riga ni.

Kin tuna muna tsakar gida, kina ɗaure jaka, na tambaye ki ko kin tsallaka Ƙonni kin yi sallama da Kawunki Sani. Ko ɗagowa ba ki yi ba kika ce, "Inna, ƙaƙa za ni tai gidan mutumin da kunka yi saɓani da shi?"

Na ce, "Saɓanin mi?"

Kika ce, "Wanda kowa yas sani."

Daga nan mai kabu-kabu ya yi oda a ƙofar gida, kika rungume ni kika fita. Ni kuwa na yi mutuwar tsaye da ƙullin yajinki a hannu, shi ya sa ba ki gan shi cikin kayanki ba. Wanda kowa ya sani! Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu kaɗai Allah ya bar wa iyayenmu, kuma wai duk Illela ta san mun yi faɗa, ni ce kawai ban sani ba. Na san mun yi nisa da juna, wannan ba zan musa ba. Amma a zuciyata shi ne ya janye, ni ban taɓa yin faɗa da shi ba.

Ko tabarma ban naɗe ba na aika a kira mini babbar yayarki, wadda kin san bakina ba ya kama sunanta. Ta zo da goyonta, na zaunar da ita na ce ta faɗa mini inda kuka samo wannan magana. Ta dube ni kamar ni ce na zare. Ta ce, "Ai ke kinka hwaɗi, Inna. Da kunnena nij ji, ran Salla."

To bari in ba ki labarin Sallar, domin lokacin kina 'yar mitsitsiya, ba abin da kika sani sai lalle da alewa.

Shekarar ce mutanen Ƙonni suka riga mu ganin wata. Kin san halinmu a bakin iyakar nan, su suna jiran sanarwar Yamai, mu muna jiran ta Sakkwato, wani lokaci a dace, wani lokaci a saɓa. Ranar suna idi mu muna azumi. Ina kan keke tun asuba, ɗinkin Sallar mutane ya taru mini, ƙishirwa ta ishe ni, sai ga Yaya Sani ya yi sallama cikin sabuwar riga, yana ƙamshin turare, da kwanon naman kaji a hannu. Maimakon in ce masa barka da Salla, sai bakina ya ce, "Ku mutanen Ƙonni ko tauraro kunka gani sai ku ce wata na." Wasa nake yi, Allah ya sani, irin wanda muka saba tun muna yara. Amma fuskar mai azumi ba ta iya wasa ba. Ya yi 'yar dariya, ya ajiye kwanon, ya ce, "To in kun ga naku gobe, ina dawowa."

Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma da Malam babanku yana raye da ya taka mini birki nan take. Shi ne ya koya mini cewa saɓani a bakin malamai ba faɗa ba ne. Yakan ce malamai biyu su duba mas'ala ɗaya, wannan ya ga haka, wancan ya ga haka, kowa da hujjarsa, su tashi su ci tuwo a kwano ɗaya. Na san wannan sarai, amma yunwa ta mantar da ni. Ke ma yanzu kina ɗaki ɗaya da 'yan mata daga garuruwa daban-daban. Za ki ga mai sakin hannu a salla da mai riƙewa, za ki ji wadda Hausarta ta Kano ce tana dariyar "mi" ɗinki. Kada ki mayar da abin ibadar mutum abin tsokana, ko da kuwa kun shaƙu. In kuma wasa ya taso miki kina cikin yunwa ko gajiya, ki haɗiye shi sai kin ci abinci.

Washegari da muka sauko idi, ku duka kuka fice yawon Salla. Ni na zuba tuwo da miyar kaji, na kulle gida na ajiye muku makulli inda muka saba, na hau kabu-kabu ta babban titi na bi ta boda. Ashe shi kuma ya taso da ƙafa ta hanyar gonaki, kamar yadda ya yi alkawari. Na isa gidansa na tarar da ƙofa a rufe, matarsa Dije ta tafi gaida iyayenta, maƙwabciya ta ce ai Alhaji ya nufi Illela. Shi ma ya iso nan ya tarar da kwado. Na bar tuwon wurin maƙwabciyar na juyo cikin rana. Da na shigo gida kun dawo, na jefar da mayafi, na zube a kan tabarma na ce, "Kai, mun yi saɓani da Yaya."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, Ramatu. Saɓanin hanya nake nufi, irin wanda direbobin tasha ke faɗa kullum: ka tafi neman mutum, shi ma ya taho nemanka, ku wuce juna. Amma yayarki ta ga abin da ya faru ana gobe Sallarmu da kwanon kaji, ta ga fuskata a murtuke, ta ji kalmar. Ita kuwa saɓanin da ta sani shi ne wanda mata ke faɗa in an yi yaji, "sun samu saɓani da mijinta." Ta ɗauka ta ajiye a ranta. Da ƙannenta suka tasa ta raɗa musu, su ma suka raɗa miki. Kuka girma a kai kamar karatun allo.

Tun ranar da kika tafi nake juya kalmar nan a kaina, har mamaki take ba ni. 'Yan canji na bakin boda in sun ce akwai saɓani, farashin sefa ne na nan bai zo ɗaya da na can ba, kuma su murna ma suke yi, da shi suke ci. A gaban alƙali in an ce shaidu sun yi saɓani, magana ta rushe ke nan. Ta Malam daban, ta direba daban, ta matan aure daban. Na yi shekaru ina jin duk waɗannan, ban taɓa tsayawa na lura kalma ɗaya ce ba. Kuskurena na biyu shi ne na yar da ita a gaban yara ban ɗaura mata komai ba. Da na ƙara "a hanya" kawai, da yau ba na rubuta wannan takarda.

Aikin da kika tafi koya aikin magana ne kafin ya zama na allura. Wata rana likita zai ce miki sakamakon gwaji ya yi saɓani, ki fito ki faɗa wa dangin mara lafiya, su kwashi kalmar su kai ƙauye, Allah kaɗai ya san abin da za ta zama kafin ta isa. In kin faɗi magana ki tsaya ki ji me aka ji. In ke aka faɗa wa, kada ki ji kunyar cewa "wane iri?" Gara a ce Ramatu ta cika tambaya.

Ranar nan da na kira yayarki, ina zaune ina ganin abin ya tsaya nan, sai ta fara kuka. Na kuwa san kukan da ke da saura. Ta ce bayan Sallar da 'yan watanni, ranar da na tafi Amarawa kai ɗinkin suna, Dije ta zo gidan nan da kanta. Goro ta kawo da alewa, na auren ɗiyarsu ta fari. Yayarki ta tarbe ta a tsaye, ba tabarma ba ruwa, ta ce mata, "Inna ta ce sun yi saɓani da Kawu tun ga Salla, ban sani ba ko tana amsa." Dije ta ajiye goron ta juya. Yayarki kuma ta ɓoye shi a bayan randa tana jiran ranar da za ta ga raina fari ta faɗa mini. Goro ya bushe, tsoro ya kama ta, ta ba wata tsohuwa, ta ja bakinta ta rufe har ta yi aure ta haihu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Na ɗaga hannu zan mare ta da goyonta, sai na tuna wa ya fara. Na koma na zauna.

Kin san yadda na ji labarin auren nan a wancan lokaci? Wata mata daga Gidan Katta, ƙawar Dije, ta kawo mini atamfa mai zanen tsuntsaye ta ce a yi mata riga da zane cikin sauri. Na tambaye ta bikin wa. Ta ce, "Ankon ɗiyar Alhaji Sani na Ƙonni mana, ai ke..." sai ta datse maganar, ta shiga gyara ɗankwali. Ramatu, ankon ɗiyar yayana aka kawo mini a matsayin tela. Na auna matar ina murmushi, na ce ta dawo jibi. Da ta fita na sa almakashi ko zanen ban duba ba. Sai da na gama haɗa rigar na ɗaga, na ga zane ya saɓa, tsuntsayen gaba suna tashi sama, na baya sun yi ƙasa da kai. Tunda na fara ɗinki ban taɓa irin wannan ba. Na je kasuwa na nemo irin atamfar na sake, ba wanda ya sani.

Na gyara rigar baƙuwa, amma ban taka zuwa Ƙonni na tambayi yayana dalili ba. Wannan ne kuskuren da ya fi sauran, kuma ba na yara ba ne, nawa ne ni kaɗai. Na ce a raina tunda bai gayyace ni ba, ba zan kai kaina ba. Shi ma can yana cewa ya aiko da goro na ƙi zuwa, ashe maganar tauraro da gaske na yi ta. Jinin gidanmu ne, kowa hancinsa a sama. Da aka zo aka rufe iyaka sai muka samu abin fakewa, alhali kin sani na sani masu tallar fura ma ba su fasa tsallakawa ba. Gaisuwar waya ta koma ta Salla zuwa Salla, "lafiya lau, lafiya lau," daga baya ita ma ta mutu. Faɗan da ba a yi ba ya zauna daram kamar an yi shi.

Ki ji ni da kyau a nan. In wanda kike ƙauna ya yi miki abin da bai yi kama da shi ba, ki je ki tambaye shi tun abin yana da zafi. Ki je da ƙafarki, kada ki aika, kada ki tsaya jiran ya fara. Ko harshe da haƙori suna saɓawa, amma ba sa ƙaura su bar wa juna baki. In kin je ya tabbata wulaƙanci ne, kin huta, kin san inda kike. Ni na zaɓi in yi shiru in riƙe girmana, na kuwa riƙe shi shekara da shekaru, ban ga abin da ya saya mini ba.

Washegarin tafiyarki na hau kabu-kabu na nufi gidan Yaya a Ƙonni. Ban ɗauki komai ba, ko goro. Unguwarsu ta canza har sai da na yi tambaya. Na shiga zaure na gan shi zaune a kan buzu, ya jingina da bango, carbi a hannu. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Na yi sallama, ya amsa, ya juyo da fuska wajen ƙofa, amma idonsa ya wuce ni.

Ya ce, "Wace ta?"

Na ce, "Ni ta, Yaya."

Ya ce, "Ke wa?"

Ramatu, sai a lokacin na gane. Yayana ba ya gani. Farar yana ce ta rufe masa ido biyu, kuma muryata ma ta ɓace masa. Mutanen Illela nawa ke wucewa ta ƙofarsa kullum, da masu albasa da masu shanu da matan da nake yi wa ɗinki, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Kowa yana kiyaye ambaton sunansa a gabana saboda saɓanin da kowa ya sani. Na durƙusa na ce, "Hajara ta." Na ɗauka korata zai yi. Sai ya miƙo hannu yana lalube, ya kama kaina, ya ce, "Kin ga naku watan ke nan?" Muka fashe da kuka mu biyu, tsofaffi da mu, har Dije ta fito da gudu da ludayi a hannu.

Na warware musu komai, tun daga tabarmar da na zube a kai har goron bayan randa. Dije ta riƙe baki tana salati. Shi kuwa cewa yake, "Hanya? Saɓanin hanya?" yana maimaitawa, ya yi dariya, ya koma ya share hawaye.

Sai na tambayi Dije me ya sa ba a kai shi asibiti ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce likitan Ƙonni ya daɗe da ba su shawara su je Sakkwato a duba ko za a iya kankare yanar, tun yana gane mutum daga nesa. Shi ne ya ƙi. Na ce don me? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hanyar Sakkwato ta Illela ta biya. Ba ni iya wuce ƙohwar gidanki ban shiga ba, kuma ba ni iya shiga."

Wannan maganar ce ta hana ni cin abinci har yau. Idon mutum guda, saboda kalmar da na yar a tsakar gida ina cire mayafi.

Yanzu ga abin da ake ciki. Ranar Laraba za su zo su kwana a gidanmu, Alhamis da safe mu kamo hanyar Sakkwato mu uku. Ban sani ba ko an makara. Dije ta ce likitan ya gargaɗe su cewa in abin ya daɗe ba lallai a samu yadda ake so ba. Ina roƙon Allah ko ido ɗaya ne a ceto. Yayarki ta ce ita za ta yi girkin Laraba ta kuma durƙusa ta nemi gafara, na ce wannan tsakaninta da su ne.

Ke kuma ina son ki nemi izini a makaranta ki tarbe mu a tasha. Na san sabuwar zuwa ce ke, na san za ki ce ba ki san shi ba, me za ki ce masa. Ba laifinki ba ne, ban kuma ɗora miki ba. Amma ya tambaye ni ke. Ya ce, "Ina 'yar autan nan mai kukan tsiya?" Na ce ta girma har ta tafi koyon aikin asibiti, kuma ta wuce ba ta yi maka sallama ba. Ya ce, "Kar ki gwada mani ita. Bari ta yi magana, ni ji ko ina gane ta."

Ba zai gane ki ba, Ramatu. Rabonsa da muryarki tun kina tsamin baki. Zai tsaya a tsakiyar tasha cikin hayaniya yana kasa kunne, yana jin kunyar ya ce bai sani ba. Don haka kada ki tsaya doguwar gaisuwa, kada ki ce Alhaji, kada ki ce Baba. Ki matso kusa ki kama hannunsa ki ce "Kawu," da ƙarfi yadda zai ji. Ni kaɗai ce 'yar'uwarsa. Duk duniya ba mai kiransa da wannan suna sai ku, kuma ya yi shekaru bai ji shi ba.

Allah ya tsare mini ke dare da rana, ya tsare harshenki da kunnenki, ya raba ki da sharrin hanya da na mutane. Allah ya kai mu Alhamis da rai da lafiya, ya buɗe idon bawansa. Ki yi mana addu'a in kin yi salla.

Wassalam.

Innarki,
Hajara